Takardar Riƙon Noemi

Virgil Tackett bai taɓa taka ƙofar kotu ba sai da ya cika shekara sittin da uku. Tun yana saurayi yake gyaran tarakta a gonakin lemo da inabi na kwarin Kalifoniya, kuma shi a saninsa kotu wurin ɓarayi ce da waɗanda aka yi wa sata. Haƙorin jikarsa ne ya kai shi.

Noemi shekararta bakwai, wata tara ke nan tana hannunsa. Uwarta Raylene, 'yarsa ɗaya tilo, ita ta kawo ta wata ranar Asabar da jakar makaranta da kaya cikin leda, ta ce kwana biyu kawai, za ta je ta dawo. Tun da mijinta Ruben ya rasu a hatsarin mota Raylene ta faɗa shan ƙwaya, aiki ya kuɓuce mata, gidan haya ya bi bayansa. Kwana biyu ya zama mako, mako ya zama wata. Virgil, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, bai kai ƙorafi wurin kowa ba. Ya kwashe akwatunan sufana daga ƙaramin ɗaki, ya sayo gado, ya koyi irin suyar ƙwan da yarinyar take ci da irin wadda take turewa.

A tsakiyar watan Agusta, lokacin da rana take narkar da kwalta, Noemi ta tashi da kunci a kumbure. Ya kai ta asibitin haƙori. Matar da ke kan tebur ta dubi kwamfuta, ta dube shi.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni kakanta ne."

"Kana da takardar riƙo?"

"Takardar me? A gidana take kwana. Ni nake ci da ita."

"Ban musa ba, Mista Tackett. Amma sai an yi mata allurar barci kafin a cire haƙorin, kuma ba mu yin haka sai uwa, ko uba, ko mariƙin da doka ta sani ya sa hannu."

Suka ba shi maganin rage zafi, ya dawo da yarinya tana shesheka a kujerar baya. Ya kira wayar Raylene sau goma sha ɗaya, a kashe. Washegari ya je wurin wani lauya, lauya ya ce dala dubu huɗu kafin a fara magana. Virgil ya ɗauki hularsa. Sakatariyar lauyan ce ta biyo shi bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce a ƙasan ginin kotun gunduma akwai ɗakin da ake koya wa marasa lauya yadda za su tsaya wa kansu, ba ko sisi, amma fa ya yi sammako.

Ya bar Noemi wurin maƙwabciya, ƙarfe bakwai ta yi masa a bakin kotu. Ya tarar da mutum ashirin sun riga shi. Kowa da jakar takardunsa a ƙirji, wasu da kofi a hannu, wata da jariri a kafaɗa. Mai gadi ya sa shi ya koma mota ya ajiye 'yar wuƙar da ta shekara talatin a aljihunsa. Sai wajen goma aka kira lambarsa.

Matar da ta karɓe shi gajeruwa ce, gashinta ya fara furfura, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Sunanta Madam Sandhu. Ta bar shi ya faɗi labarinsa tun daga ranar Asabar ɗin nan har zuwa haƙori, ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ce,

"To, kafin komai ka ji wannan. Ni ba lauyarka ba ce. Ba zan tsaya maka gaban alƙali ba, ba zan zaɓa maka abin da za ka yi ba. Zan nuna maka takardu da hanya. Kuma idan wanda kuke shari'a da shi ya shigo gobe, yadda na zauna da kai haka zan zauna da shi."

"Ni ba na shari'a da kowa. Haƙori nake so a cire."

Ta yi murmushi, ta jawo takarda shafi ɗaya daga aljihun tebur. Ta ce wannan ta dangin da yaro yake hannunsu ce, ya cike ta yanzu ya sa hannu, likita zai iya karɓa. Sannan ta ɗauko wasu takardun, tulinsu ya kai kaurin yatsa biyu, ta ajiye gefe.

"Waccan za ta kai ka asibiti. Amma duk ranar da wani ya zo ya ce zai tafi da yarinyar, ba za ta tsare maka ƙofa ba. In kana son kotu ta san kai ne mariƙinta, waɗannan ne."

Virgil ya ɗaga tulin ya auna shi a hannu. "Injin tarakta ya fi wannan sauƙi."

"Injin ma ai ba lokaci ɗaya kake kwance shi ba. Yau shafi uku za mu yi."

Ranar Juma'a aka cire haƙorin. Noemi ta dawo gida da shi a cikin 'yar kwalba tana nuna wa karen maƙwabta.

Daga nan Virgil ya zama ɗan gida a ɗakin nan. Duk Talata yakan roƙi manajan gona hutun safiya. Ya cike takardar neman a yafe masa kuɗin kotu, ya cike ta wuraren da yarinyar ta zauna shekara biyar baya, wadda ta sa shi kiran mutum shida kafin ya haɗa adireshi. Madam Sandhu ta mayar masa da wani shafi sau biyu saboda ya rubuta nasa sunan a gurbin na Noemi. Ya ce mata tun da ya bar makaranta ba a yi masa jan biro haka ba. Ta ce ya gode Allah ita ce, da magatakardan kotu da ke saman bene ne sai ya sake bin layi.

Gurbi ɗaya ne ya gagara. An rubuta a samansa: faɗi dalilin da ya sa yaron yake bukatar mariƙi. Talata biyu ya bar shi fari fat. A ta uku ya rubuta, "Uwarta ba ta da lafiya." Madam Sandhu ta sa tabarau ta karanta, ta cire.

"Ba zan gaya maka abin da za ka rubuta ba. Abin da zan gaya maka shi ne, alƙali bai san ka ba, bai san ta ba. Abin da ke kan takarda kaɗai ya sani. Idan ya karanta wannan zai tambaye ka wace irin cuta, a gaban jama'a."

Virgil ya daɗe yana murza bakin hularsa. Ya ce, "'Yata ce fa. Ni na koya mata hawan keke. Yanzu in ɗauki biro da hannuna in rubuta ta a takardar gwamnati?"

"Gurbin yana da faɗi, Mista Tackett. Ba a ce abu ɗaya kawai za ka faɗa a kanta ba."

Ya tafi da takardar wurin aiki. Da hutun cin abincin rana ya zauna a inuwar wata tarakta, ya ɗora ta a cinya, ya rubuta da manyan baƙaƙe irin na mai rubuta lambar kayan gyara. Ya rubuta cewa Raylene ta riƙi 'yarta da kyau shekara biyar. Ya rubuta ranar da Ruben ya rasu. Ya rubuta cewa tana shan ƙwaya, ba ta da wurin kwana tsayayye, wata tara ba ta zo ba. A ƙarshe ya ƙara cewa ba raba ta da 'yarta yake nema ba, riƙe mata yake yi har ta dawo.

Saura abu mafi wuya. Doka ta ce sai an sanar da uwar yarinya, sai kuma an sanar da duk wani kaka da yake raye. Ɗaya kakar ita ce Doña Arcelia, mahaifiyar Ruben. Rabon su da magana tun ranar jana'iza. A ranar, a bakin coci, ta ce da Raylene ba ta tayar da rigima da safe ba da ɗanta bai fita da mota cikin fushi ba. Virgil ya mayar mata da abin da har yau ba ya son tunawa, ya ja 'yarsa da jikarsa suka tafi. Ita kam wani abokin aikinsa ya sa ya aika mata takardun ta gidan waya, tun da doka ta hana shi aikawa da hannunsa. Shiru, ba amsa.

Raylene kuwa sai da ya yi mako yana cigiya. Ya same ta wata ranar Lahadi da hantsi a bayan wani shagon wanki da ke bakin babbar hanya, inda take share ƙasa a ba ta na abinci. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Da ta gan shi ta juya kamar za ta shige ciki, sai kuma ta tsaya.

"Baba. Wani abu ya samu Noemi?"

"Lafiyarta ƙalau. An cire mata haƙori. Ta fi ni ci."

Ya miƙa mata burodi da naman kaza da ya taho da shi, suka jingina da motarsa. Ya bar ta ta ci rabi sannan ya fito da takardun. Ya yi mata bayani kamar yadda aka yi masa: tana iya sa hannu ta yarda, tana iya ƙi ta zo kotu ta faɗi nata, kuma akwai ɗaki a ƙasan kotu da za a taimake ta ita ma. Ta riƙa juya shafi har ta kai gurbin nan. Virgil ya kawar da kai yana kallon manyan motoci suna wucewa.

"Ka rubuta ina shan ƙwaya."

"Na rubuta."

"Alƙali zai karanta."

"Zai karanta. Ki karanta har ƙasa."

Ta karanta har ƙasa. Ta sake komawa sama. Ta sa bayan hannu ta toshe bakinta, kafaɗunta suna rawa, shi kuma bai san abin da zai yi da nasa hannun ba, sai ya ɗora shi a kan wuyanta kamar lokacin da take ƙarama tana zazzaɓi. Da ta lafa ta ce,

"Takalmi lamba nawa take sawa yanzu?"

"Sha uku. Ta kusa fin ƙarfinsa."

"Tana tambayata?"

"Duk ranar duniya. Na ce mata ba ki da lafiya, kina neman magani. Kada ki mayar da ni maƙaryaci, Raylene."

Ba ta yi masa alkawari ba. Ta ɗora takardar a kan murfin mota, ta sa hannu, rubutunta yana nan yadda ya san shi, mai kyau, a kwance. Ya ce ta biyo shi gida. Ta girgiza kai, ta ce ba ta son Noemi ta gan ta haka.

Kotu ta sa ranar sauraro a farkon Oktoba. Kafin nan wata jami'a ta zo ta duba gidan, Noemi ta zagaya da ita har bayan gida inda suka shuka tumatir. Ranar Laraba ta ƙarshe Virgil ya je gwajin da Madam Sandhu take yi wa masu shiga gaban alƙali. Su takwas ne a ɗakin. Ta zauna bayan tebur ta ɗaure fuska ta zama alƙali, kowa ya tashi ya yi magana. Da aka zo kansa ya miƙe ya fara da shekarar da aka haifi Raylene. Wani direban tirela da ke neman a ba shi ranar ganin 'ya'yansa ya ce daga baya,

"Dattijo, in ka fara daga nan ai sai yarinyar ta yi aure ba ka iso ba!"

Ɗaki ya kwashe da dariya, har shi. Madam Sandhu ta ce minti biyar yake da shi, ya faɗi sunansa, abin da yake nema, da dalili, ya tsaya. Ya gwada sau uku. A na ukun direban ya tafa masa.

Yana fitowa, a farfajiya, ya hangi wata tsohuwa da baƙin siket tana zaune a layin masu jiran ganin Madam Sandhu, da jakar takardu a cinyarta da lamba a hannu. Doña Arcelia ce. Ba ta gan shi ba. Ya koma ciki kai tsaye wurin Madam Sandhu.

"Me ta zo yi?"

"Ba zan gaya maka ba."

"Za ta ƙwace mini yarinya, ke kuma ki nuna mata hanya? Bayan duk zaman da muka yi?"

"Ita ma ba zan gaya mata abin da ka zo yi ba." Ta cire tabarau ta dube shi, muryarta a tausashe. "Ka yi aikinka da kyau, Mista Tackett. Takardunka sun cika. Je ka gida ka ci abinci."

Bai yi mata sallama ba. Mako guda ya yi yana ɗaure kusoshi fiye da kima, har ya karya guda biyu.

Ranar sauraro ya sa kwat ɗin da ya sa ranar auren Raylene. Noemi tana makaranta. Alƙalin mace ce, tulin fayil a gabanta ya kai gwiwar hannu. Aka kira sunan yarinyar. Virgil ya miƙe, ya faɗi sunansa, abin da yake nema, da dalili, ya tsaya. Alƙaliya ta juya shafi ta ce uwa ta sa hannu, rahoton jami'a ya yi kyau. Sannan ta ce akwai takarda daga kakar yarinyar ta wajen uba, tana nan?

Doña Arcelia ta taso daga bencin baya a hankali, tana dafa kujeru. Ta buɗe takardar. Ta ce za ta karanta, don in ba haka ba za ta manta.

"Ya mai shari'a, sunana Arcelia Barajas. Ruben ɗana ne. Shekara biyu ban ga 'yarsa ba. Ban zo in ɗauke ta ba. Gwiwoyina ba za su iya bin yarinya ba, kuma na tambayi mutane, an ce mutumin nan yana kula da ita. Na yarda a ba shi riƙo. Abin da nake roƙo, a ba ni yini ɗaya a mako. Na so in kira shi in roƙe shi, amma na faɗi wata magana ranar da aka binne ɗana, ban san ta inda zan fara ba. Shi ya sa na rubuta."

Alƙaliya ta dubi Virgil ta ce ko yana da ja. Ya juya ya dubi Doña Arcelia. Sai ya ce,

"Lahadi ta yi miki?"

"Ni za ka amsa wa, Mista Tackett," in ji alƙaliya, tana danne murmushi.

"Ba ni da ja, ya mai shari'a. Ni zan riƙa kai ta."

Aka rubuta, aka buga hatimi. Duka bai kai minti goma sha biyu ba.

A farfajiya suka tsaya, tsofaffi biyu kowa da jakar takardunsa. Ya ce, "Doña Arcelia, abin da na gaya miki a bakin coci..." Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta ce ai ita ta fara faɗar baƙar magana ranar nan. Ta tambaye shi Raylene, ya gaya mata gaskiya, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce kullum tana sa ta a addu'a, ko da take fushi da ita.

Kafin ya tafi ya sauka ƙasa. Layi ya kai ƙofa, Madam Sandhu tana zaune da wani saurayi mai kayan aikin fenti, tana nuna masa inda zai sa hannu. Virgil ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga takardar mai hatimi. Ta ɗago, ta gani, ta gyaɗa kai, ta nuna masa injin kwafi da biro. "Kwafi uku. Ɗaya makaranta, ɗaya asibiti, ɗaya a mota." Ya ce ya yi mata rashin kunya ranar nan. Ta ce an yi mata wadda ta fi wannan kafin ƙarfe tara na safiyar yau.

Raylene ta kira sau ɗaya a ƙarshen watan, daga wani gidan jinyar masu shaye-shaye a arewa. Ta yi minti huɗu da Noemi. Ba ta ce yaushe za ta dawo ba, shi ma bai tambaya ba.

Lahadin farko ya tuƙa mil talatin zuwa gidan Doña Arcelia, wani ƙaramin gida mai shuɗin fenti da bishiyar rumman a ƙofa. Noemi ta ƙi fitowa daga mota. Da ta fito ta maƙale a bayan ƙafarsa, tana leƙen tsohuwar da ido ɗaya. Doña Arcelia ba ta matso ba. Ta zauna a kan matakala da ƙyar, ta ce,

"Kunnuwan babanki ne da ke. Shi ma haka suke, kamar za su tashi da shi sama."

Noemi ta taɓa kunnenta. "Kaka ya ce kunnena yana da kyau."

"Yana da kyau mana. Ina da hotonsa yana kamar ke, ya faɗa cikin bokitin fenti. Kina son gani?"

Yarinyar ta dubi Virgil. Ya gyaɗa mata kai. Ta saki wandonsa ta bi tsohuwar ciki.

Shi kuma ya koma mota, ya sauke gilashi, ya kunna rediyo, da niyyar jira har ƙarfe huɗu. Bai yi minti goma ba ƙofa ta buɗe. Doña Arcelia ta tsaya da ludayi a hannu.

"Mista Tackett, a ƙofar gidana za ka zauna kamar ɗan sanda? Maƙwabta su ce me? Shigo ka wanke hannu. Ina da ƙullun masara kwano guda da ba mai naɗe mini a ganyen masara mu turara, kuma yarinyar nan ta ce kai ba abin da ka iya sai ƙwai."

Ya kashe rediyo ya fito. Daga cikin gida yana jin Noemi tana ƙyaƙyata dariya, tana kiran sa ya zo ya ga babanta shuɗi tun daga kai har ƙafa.